Masunta, A Kula Da Gindin Jirgi: Yashin Gaɓa Ya Fi Igiyar Ruwa Ɓarna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar Yelwa ta Yawuri da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa daga duba taru, akwai wata ƙara da kunnensa ba zai manta da ita ba. Jirgi zai taho a guje cike da kaya, direba ya kashe inji saura 'yan taku kaɗan, sai ka ji ƙuuu, gaban jirgin ya hau kan yashi da tsakuwa. Yara su ruga su kama igiya, 'yan kasuwa su yanyame kifi, kowa na murna an iso lafiya. Ba mai waiwayar abin da ya auku a ƙarƙashin jirgin, alhali kuwa a wannan ɗan lokaci ne ya yi asarar da bai yi ba a tsawon daren da ya kwana bisa ruwa.

Wannan magana ta shafi masu karatu da ke zaune a Kurmi ta hanya biyu. Da farko akwai 'yan Arewa masu yawa da ke sana'ar su, ko fito, ko fataucin kifi a Lakwaja da Anacha da Epe da Badagiri da gefen Fatakwal. Na biyu kuma akwai waɗanda ke dako ko gadi ko sayar da goro a Ikko da Badun, suna tara abin da Allah ya hore suna aika wa 'yan'uwa a gida domin a sayi jirgi da inji a riƙa juyawa. Injin jirgi kaɗai a yau sai an ajiye miliyoyin naira. Saboda haka wanda ya zuba guminsa na shekaru a cikin irin wannan dukiya ya kamata ya san ta inda take lalacewa.

JIRGIN GORAN RUWA

Har yanzu galibin jiragen masunta a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji na katako ne, sai kuma na faiba a yankin teku. Amma akwai wani iri na uku, watau jirgin alminiyam, ƙarfen nan fari marar nauyi wanda tsofaffi ke kira goran ruwa, wanda ake ƙera tukwane da butoci da shi. An fi ganin irinsa a hannun ma'aikatun gwamnati da masu bincike da kamfanonin da ke aiki a fadamun Kudu, kuma idan ya tsufa a hannunsu yakan gangaro hannun masunta da masu fito a matsayin na hannu.

Asalin yaɗuwar irin waɗannan ƙananan jirage daga Amurka ne. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, kamfanonin da suka ƙware wajen ƙera jiragen sama na yaƙi da wannan ƙarfe suka nemi wani abin yi, har kamfanin Grumman ya fara fitar da kwalekwalen alminiyam a wannan shekara. Daga nan abin ya bazu zuwa Kanada da Ostareliya da sauran ƙasashe.

Dalilin da ya sa ake son sa a fili yake. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyam sau 3 wajen nauyi, saboda haka jirgin ba ya shan mai da yawa, kuma mutum biyu ko uku na iya ɗaga ƙaraminsa. Ba ya ruɓewa kamar katako, gara ba ta cinsa, ba ya kuma yin jar tsatsa. To, amma kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, shi ma yana da nasa lagon. Ƙarfe ne mai taushi, kuma fatar ƙaramin jirgi ba ta cika wuce kaurin milimita 1.5 zuwa 3 ba. Yashi kuwa, wanda muke takawa kullum ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, ƙwayoyinsa na dutsen nan ne mai tauri da ke iya karce gilashi. A ma'aunin tauri da masana duwatsu ke amfani da shi, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, alminiyam kuwa bai kai 3 ba. Watau duk lokacin da aka ja jirgi a kan gaɓa, daidai yake da an goga masa magagari.

INDA CIWON YAKE

A tsakiyar gindin jirgi, daga gaba har baya, akwai wani doron da ya ɗan fito ƙasa, wanda ya haɗa ɓangaren dama da na hagu. Shi ne ƙashin bayan jirgi. Shi ke sa jirgi ya miƙe sosai a cikin ruwa, shi ne kuma ke fara taɓa ƙasa in an zo gaɓa. Nauyin jirgi da na inji da na kifi da na mutane duk yakan taru a kan wani ɗan wuri da bai fi tafin hannu biyu ba, daidai inda gaban jirgin ya lanƙwaso ƙasa. Wuri na biyu shi ne kusurwar baya, ƙarƙashin inji, wadda ke jan ƙasa idan aka ɗaga gaban jirgin ana jansa.

Ɓarnar tana tafiya ne mataki-mataki. Da farko fenti ya goge, ƙarfen ya riƙa ƙyalli. Sannan doron ya fara baje. Idan jirgin irin mai ƙusoshin ribit ne, sai kawunan ƙusoshin su cinye, su yi sako-sako, ruwa ya fara tsattsafowa. Idan kuma irin mai walda ne, sai ɗinkin waldar ya sirance har wata rana ya tsage. Mai jirgi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan, domin abin yana ƙasa. Abin da yake gani kawai shi ne yaron da a da ke kwalfe ruwa sau ɗaya a tafiya, yanzu ba ya ajiye ƙwarya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A tafkin Kainji akwai wani ƙarin dalili. Tun da aka gama madatsar ruwan a 1968, aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Busa, ruwan ya rufe gonaki da dazuzzuka da duwatsu. Tafkin yana da tsawon kilomita 130 da wani abu, kuma ruwansa na hawa yana sauka a kowace shekara. Farin ruwa yakan zo da damina daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, baƙin ruwa kuma ya iso da sanyi bayan ya yi doguwar tafiya daga tsaunukan Gini ta cikin Mali da Nijar. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akan sami bambancin mita da yawa. Saboda haka kwatar da ke da laka mai laushi a watan Janairu, kafin watan Yuni ta koma can ƙasa inda marmara da kututturan tsofaffin itatuwa suke. Direban da ya saba shigowa a guje da sanyi, in bai sake hali da bazara ba, jirginsa ne zai biya. Duwatsun wannan yanki ba yau suka fara ba: a kan su ne jirgin Baturen nan Mungo Park ya maƙale a Busa a 1806, can kuma ajalinsa ya same shi.

MAGANIN DA BA YA CIN KO KWABO

Kafin a je ga abin da za a saya, akwai abin da hali kaɗai ke gyarawa.

Na farko, a daina hawa gaɓa da ƙarfin inji. A rage gudu tun daga nesa, a kashe inji, a ɗaga ƙafarsa sama don kada farfela ta daki ƙasa, sannan mutum ɗaya ya sauka a ruwan da bai wuce gwiwa ba ya riƙe jirgin. Na biyu, a sauke kaya tun jirgi na kan ruwa. Jirgin da ke ɗauke da buhunan warangi da jarkokin mai da mutum shida, cin da yashi zai yi masa ya ninka na jirgin da ba kowa a ciki.

Na uku, kada a bar jirgi rabinsa a ruwa rabinsa a tudu. Wannan shi ne ɓarnar da ta fi kowace ɓoyuwa. Jirgin yana nan a ɗaure, mai shi yana gida yana barci, amma kowace 'yar igiyar ruwa tana ɗaga bayansa tana saukewa, gabansa kuma yana goguwa da tsakuwa daga magariba har asuba. Ko dai a fitar da shi gaba ɗaya, ko kuma a bar shi yana yawo a kan ruwa: a jefa anga ko babban dutse ta baya, a ɗaure igiyar gaba a turke, a daidaita su yadda gindinsa ba zai taɓa ƙasa ba.

Na huɗu, idan ya zama dole a fitar da jirgi tudu, a shimfiɗa masa abin hawa. Masuntan bakin teku a Gana, daga Elmina har Keta, manyan kwalekwalensu sun fi namu nauyi nesa ba kusa ba, amma a kan katakai da gungume suke mirgina su, ana ɗauko na baya ana mai da shi gaba. Gungumen giginya ko na kwakwa, ko gora mai kauri, ko guntayen bututun roba irin na masu aikin famfo, ko tsofaffin tayoyi da aka binne rabi a yashi, duk suna yin wannan aiki. Idan masu jirage goma a kwata ɗaya suka haɗa kai, da izinin Sarkin Ruwa, yini guda ya isa su share duwatsu su gyara wurin hawa wanda kowa zai amfana.

A BA YASHI WANI ABIN CI

Duk yadda aka yi hankali, wata rana sai gindin jirgi ya taɓa ƙasa. Dabarar da masu jirage suka gano ita ce a ɗora wani abu a kan ƙashin bayan, wanda shi yashi zai ci, in ya cinye a cire a sa wani. Kamar dai takalmi ne: gara ƙasansa ya cinye da tafin ƙafa ya tsage. Hanyoyi huɗu ne aka fi bi.

Hanya ta farko ita ce a sami tsinken alminiyam mai kauri, shimfiɗaɗɗe ko mai kwana irin wanda masu walda ke kira angul, a lanƙwasa shi ya bi doron, a yi masa walda. Ga jirgi mai fata mai kauri wanda dama da walda aka haɗa shi, wannan ya fi kowanne ƙarko. Sai dai ba kowane mai walda ke iyawa ba. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ƙasa da rabin abin da baƙin ƙarfe ke buƙata, kuma ba ya yin ja kafin ya narke balle mutum ya ankara. Mai waldar ƙofa da taga yana iya huda jirgin cikin ƙiftawar ido. Sai a nemi mai waldar agon, irin waɗanda ke gyaran kan inji da ƙafafun mota na alminiyam a manyan garuruwa. A cire tankin mai da duk wani soso da ke ƙarƙashin benci kafin a kunna wuta. Jirgi mai ribit kuwa a yi hattara ƙwarai, domin zafin walda yana ƙona gam ɗin da ke tsakanin fatun, ya sa wurin da ba ya yoyo ya fara yoyo.

Hanya ta biyu ita ce ɗamarar roba mai gam a bayanta, wadda ake yi musamman domin wannan aiki, irin su KeelGuard da KeelShield da ake kawowa daga Amurka. Faɗinta wajen inci 5 ne. Ana fara manna ta daga inci 4 zuwa 6 sama da inda ruwa ke tsayawa a gaban jirgi, a bi da ita ƙasa har ta wuce wurin da ke taɓa yashi da ƙafa 2 ko 3. Sirrin aikin yana wajen shiri: a wanke wurin, a goge da samfefa, a share maiƙo sarai, a shafa ruwan share fage da ke zuwa tare da ita, a manna daga tsakiya zuwa gefe ana dannawa da ƙarfi, sannan a bar shi ya kwana kafin ya ga ruwa. Amma mai saye ya duba gindin jirginsa tukuna. Idan doron siriri ne mai kaifi, ko kuwa kawunan ribit sun yi layi a gefensa, robar ba za ta kwanta ba, ruwa zai shiga ƙarƙashi ya ɓamɓare ta, kuɗi ya tafi a banza.

Hanya ta uku ita ce farar roba mai tauri da santsi, 'yar'uwar wadda ake yin faifan yanka nama da ita. Masu jiragen da ke bin koguna masu duwatsu a Alaska da New Zealand sukan lulluɓe gindin jirgi da ita, har jirgin ya riƙa zamewa a kan tsakuwa. Matsalarta ita ce gam ba ya kama ta sosai, sai an huda jirgi an ɗaure da noti, kuma kowace huda ƙofa ce ga ruwa in ba a toshe ta da gam mai kyau na jirgin ruwa ba. Tana kuma miƙewa in ta sha rana fiye da yadda ƙarfen ke yi, don haka sai a ɗan buɗa ramukan robar don ta sami wurin motsi.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauƙin kuɗi, ita ce a shafa gam mai haɗi biyu, dangin Araldite, a yi masa kauri a kan doron bayan an goge shi da samfefa. Ba ya daɗewa kamar sauran, amma ana iya sabunta shi duk shekara, kuma yana toshe ƙananan tsattsafa.

GYARAN DA YA FI ƁARNA MUNI

A nan ne masu zama a Kudu ya kamata su buɗe kunne. Maƙerin gida ya saba idan gindin jirgin katako ya cinye, sai ya buga masa ɗamarar baƙin ƙarfe ko falle na kwano. Wannan daidai ne ga katako. Ga jirgin alminiyam kuwa guba ne, musamman a ruwan gishiri.

Dalili shi ne, idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri, sai su zama kamar batir, wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu, ɗaya yana cin ɗaya. Tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe, ko jan ƙarfe, ko tagulla, ko dalma, alminiyam ne kullum ake ci. Alamarsa wani farin gari ne kamar alli, in aka kankare shi sai a tarar da ƙananan ramuka kamar zanzana. A ruwan daɗi na Yawuri abin yana tafiya a hankali. A tafkin Ikko, wanda gishirinsa ke ƙaruwa da rani ya ragu da damina, da kuma fadamun Boni da Kalaba, abin yana sauri ƙwarai.

Saboda haka kada a ɗaura wa jirgin ɗamarar baƙin ƙarfe. Idan za a sa noti, a nemi na ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, irin na cokali, a kuma shafa gam tsakaninsa da jikin jirgi don kada su taɓa juna kai tsaye. Kada a bar guntun wayar lantarki, ko ƙugiya, ko dalmar taru su kwana cikin ruwan da ya taru a cikin jirgi. Kada a shafa masa fentin gindin jirgi mai garin jan ƙarfe a ciki. Kada a wanke shi da soda, kada a toshe huda da siminti, kada kuma a bar tokar murhu ta jiƙe a kansa, domin duk ukun suna cin wannan ƙarfe. Wanda jirginsa ke kwana a ruwan gishiri ya ɗaura masa ɗan dunƙulen tutiya, watau zinki, a baya ƙarƙashin ruwa, kamar wanda ke jikin ƙafar inji. Aikinsa shi ne a ci shi maimakon jirgin, saboda haka ba a shafa masa fenti, in ya cinye rabi kuma a sake shi.

Har ila yau, ɗan Arewa da ya saba da kogi ya tuna cewa ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana. Jirgin da aka ɗaure yana yawo da azahar, kafin magariba yana iya zaunawa a kan ɓawon kawa mai kaifi kamar aska. A tambayi 'yan gari inda ruwa ke tsayawa in ya janye kafin a kafa turke.

A KIFE SHI A DUBA

Ko da sau biyu a shekara, in ruwa ya fara janyewa da kuma in ya fara dawowa, a kife jirgi a bi doronsa da hannu. Hanya mai sauƙi ta gano yoyo ita ce a ɗora jirgin a kan gungume a tudu, a zuba masa ruwa iya idon sawu kawai, don in ya yi yawa nauyinsa zai lotsa gindin, sannan a leƙa ƙasa a zagaye duk inda ke ɗiga da alli. Ribit ɗin da ya yi sako-sako, mutum ɗaya ya tokare kansa da dunƙulen ƙarfe, ɗaya ya ɗan bubbuga ɗaya gefen da hama, sai ya kama. Wanda kansa ya cinye a huda a cire a sa sabo na alminiyam. Idan tsaga ce, a yi 'yar ƙaramar huda a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, sannan a kai wa mai walda. Wanda kuma zai sayi jirgi na hannu, kada sabon fenti ya ruɗe shi. Ya ce a kife masa ya ga gindin, in mai sayarwa ya ƙi, to ya kama gabansa.

Maganar ba ta tsaya ga dukiya kaɗai ba. Mutanen Kebbi da Neja ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya rabe a yankin Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. Waɗannan manyan jiragen fito ne na katako, kuma hukumomi sun ambaci lodin da ya wuce kima a dukansu, da tsufan jirgi a na Wara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, tana ta nanata dokar sa rigar ruwa da hana tafiyar dare. Amma ba wani jami'i da zai iya zagaya kowace kwata yana leƙa ƙarƙashin kowane jirgi. Wannan aiki na mai jirgi ne, ko na katako gare shi, ko na faiba, ko na goran ruwa.

Don haka mai karatu da ke da jari a bakin ruwa, in ya buga waya gida a wannan mako, bayan ya tambayi lafiyar iyali da yadda kamu yake, ya ƙara da tambaya ɗaya: yaushe rabon da a kife jirgin a duba gindinsa? Allah ya kiyaye masu shiga ruwa, ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, amin.